Murar Ƙarya a Gidan Suruki

Dutse

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida a Yalwawa, da jaka a kafaɗa da fargaba a ciki. Maiɗakina ce ta ja min. Ita ta je ta gaya wa mahaifinta cewa mijinta injiniya ne, alhali shagon gyaran waya gare ni.

Baba Malam, surukin nawa, yana da Islamiyya a Buji, kuma wani ya ba makarantar kyautar 'yar kwamfuta, falle ɗaya kamar tafin hannu. Manhajar da ke tafiyar da ita a kan katin memori take. Duk wanda katin wayarsa ya cika sai ya zare wannan ya ara, kwamfuta ta mutu. Aikina shi ne in kwafe manhajar zuwa ma'ajiyar da ke jikin kwamfutar, ta daina dogara da kati. Aikin minti arba'in ne, sharaɗinsa ɗaya: kada wuta ta yanke.

A tasha na biya dubu biyu, muka zauna mu huɗu a baya da buhun taki a kan ƙafafunmu. Sai bakwai saura kwata mota ta cika.

Shinge

Bakwai da minti ashirin aka tsayar da mu. Jami'in ya leƙa jakata, ya ga kibod da wayoyi.

"Ina kwamfutar?"

"Tana gidan surukina, yallaɓai."

"Gidan suruki za ka yi aiki?" Ya mayar min da jakar da hannu biyu. "Direba, wuce. Allah ya fid da kai kunya, malam."

Buji

Tara daidai na tuɓe takalmi a zaure na durƙusa. Gaisuwa ta ci rabin awa. Aka kawo fura, na ce na ƙoshi, alhali ko shayi ban sha ba. Wa zai ɗaga ƙwarya a gaban surukinsa?

Wutar gidan ta sola ce, batir ɗaya, soket ɗaya. Goma da kwata na jona kwamfuta da ɗan talabijin ɗinta a kan mahaɗin wuta guda, na ba da umarni, kwafi ya fara. Watan Afrilu ne, rufin kwano ne. Lamba tana hawa, zufa tana sauka. An kai tamanin da bakwai cikin ɗari sai Baba Malam ya dube ni.

"Subhanallahi! Injiniya na zufa haka a gidana?"

Ya miƙa hannu ya zare mahaɗin, ya jona fanka, ya juyo da ita saitina. Ina kallo talabijin ya yi baƙi. A shagona da wani ya yi min haka, da har bakin titi an ji muryata. A nan kuwa kaina na sunkuyar.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Wallahi kamar in yi kuka. Katin dai bai lalace ba, amma batir ya yi ƙasa, bai fi ya ɗauki gwaji ɗaya ba. Ƙarfe huɗu kuma matan aure za su zo darasi, an riga an yi musu albishir cewa mijin 'yar Malam ya zo gyara.

Bayan azahar na yi shawara da zuciyata. Ba zan iya cewa ya yi kuskure ba, ba zan iya cewa kada ya taɓa ba. Sai na yi tari sau biyu.

"Baba, a gafarce ni, mura nake yi. Iska ba ta yi min daɗi."

Nan take ya kashe fanka, ya yi kira cikin gida. Aka kawo bargo mai nauyi, da shayin citta da kanumfari yana tururi. Da hannunsa ya lulluɓe ni, ya sa aka rufe taga. Shayin kuma ya ce magani ne, babu kunya a magani, ya tsare ni har na shanye.

Na mayar da mahaɗin, na sake fara kwafi. Haka na zauna minti arba'in ina dahuwa, shi kuma yana cewa, "Madalla, zufar nan ita ce ciwon ke fita." Uku da minti biyar lamba ta cika ɗari. Na kashe, na zare katin, na kunna. Ta tashi da kanta. Na miƙa masa katin na ce duk mai so ya ara.

"Ashe yarinyar nan gaskiya ta faɗa," in ji shi.

Dawowa

Huɗu da rabi na samu mota, da ƙullin citta da kwalbar zuma a jaka. Na zauna bakin taga, ba abin da nake tunani sai fankar ɗakina. Ana kiran magariba na shiga Yalwawa.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da jami'in da ya yi min addu'a, da Baba Malam da ya riƙe ni kamar ɗansa. Riƙon ma bai tsaya a Buji ba. Ina yin sallama na tarar da maiɗakina a bakin ƙofa da bargo a hannu, tagogi a rufe, ta cire fankar ta kai maƙwabta.

"Baba ya bugo waya," in ji ta. "Ya ce kwana uku kada iska ta taɓa ka."