Kawu Bala da Yagaggiyar Alkyabba

Kun dai san Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, telan nan na unguwar Anbariyya. Kafin ya amsa sallamarka sai ya gama duba bakin wandonka. In ya ga zare ya fito ya tsinke shi, sannan ya ce wa'alaikumus salam.

Shi ya riƙa ɗinka mana kayan taron anime, fina-finan nan na zane, tun muna mu bakwai a falon gidanmu na unguwar Ƙuba, har muka kai ga kama istiraha, gidan shaƙatawa na haya, a Aƙiƙ, yau ga shi babban zaure ma ba ya ɗaukarmu. Har ya rasu bai kalli fim ɗaya ba. "'Yan manyan idanu" yake ce wa jaruman ciki.

Shekarar farko na kai masa hoton jarumina, mayaƙi mai yagaggiyar alkyabba. Burina ɗaya: in ci gasar shigar jarumai da ita.

Ya daɗe yana kallo. "Ba shi da dangi ne?"

"Kawu, yaƙi ya je."

"To ai ya dawo. Halas, shi ke nan."

Ya ɗinke ta tsaf, har da aljihu biyu. Na fito kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na bakwai na zo.

Da muka koma Aƙiƙ na yage ta da kaina, na ɓoye a jaka. Ashe ya gani. Ranar taro na buɗe, sai ga ta a ɗinke, da ƙamshin turare da sabuwar guga!

"Haram alaik, Kawu, ka cuce ni!"

"Aib, ya waladi, abin kunya ne, ɗana. Mutane su ce wa ya ɗinka?"

Wani ya kai masa hoton riga mai hannu ɗaya, ya karɓo mai biyu. Kawu ya ce mai zanen ne ya manta.

Bana na haƙura, na ce ya yi yadda ya ga dama. Saura mako biyu taro ya kwanta, bai tashi ba. Bayan an share makoki muka buɗe shagon, na tarar da alkyabbar a rataye da sunana. A yage take, wallahi, daidai da hoton. Sai dai kowace yaga ya bi ta da allura ya kalmashe bakinta, kada ta ƙara gaba. Aljihunan ma suna nan.

Na biyu na zo. Alƙalai suka ce ta cika tsafta. Na koma bayan zaure na yi kukana.

Allah Ya jiƙan Kawu Bala. Bai taɓa barin ɗayanmu ya fita a yage ba, Allah Ya suturta shi da tufafin Aljanna. Amin.