Kunun Kanwar Gwaggo

Yanzu tsufa ya sa nakan manta inda na ajiye carbina alhali yana wuyana, amma ranar da na riƙe hannun Gwaggo ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni da aka rene ni a kan ko ido ba a haɗawa da babba, sai ga ni na cafke wuyan hannun matar da ta goye ni, ludayi cike da kunu yana rawa a tsakaninmu.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Yaya. Ta rasu ina shan nono, sai Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta haɗa mu ta riƙe a gidanmu na unguwar Birni, cikin Damagaram. Zamanin Faransawa ne, lokacin da kakar gyaɗa ke cika Damagaram da fatake ƴan Kano. A shekarun nan ne Yaya ya yi ciwon maƙogwaro. Wanzami ya zo ya cire masa beli, aka ce shi ke nan. Ashe ba shi ke nan ba ne. Zazzaɓi ya biyo baya, gwiwoyinsa suka kumbura, ciwon ya bar wannan gaɓa ya koma waccan. Gwaggo ta yi ta dama masa kunun kanwa tana ɗura masa, har Allah ya tashi kafaɗunsa. Tun daga nan ba mai raba ta da cewa kununta ne ya tashe shi.

Ya warke, amma bai ƙara gudu ba. Ranar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, yaran unguwa suka ruga kallo, shi kuwa ya yi taku kaɗan ya zauna a dakali yana haki. Gwaggo ta sunkuya ta goya shi, ƙaton yaro ƙafafunsa na reto, ta kai shi ya gani. Da ya girma sai ya zama baduku, sana'ar zaune, ya yi aurensa ya haifi ƴaƴansa, muka manta da zancen.

Sai da furfura ta game mana kai sannan hawan jini ya cinye masa ƙoda. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda a babban asibiti, wato a jona shi da injin da ke tace jini ya zuƙe ruwan da jiki ya kasa fitarwa. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, nawa mijin ma haka, sai na kwashi ƴan komatsaina na dawo gidansa. A can asibiti ne wata likita ta dafa abin sauraronta a ƙirjinsa, ta saurara da kyau, sannan ta tambaye ni ko ya taɓa ciwon gaɓɓai yana yaro. Na ce ƙwarai.

Ta ce, "Hajiya, zuciya tana da ƙofofi. Wancan ciwon ya lalata masa ɗaya, ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya. Mai ƙoda kaɗai ma ruwa abokin gabansa ne, balle shi da zuciyarsa ba ta da ƙarfin turawa. In ruwa ya taru kafin ranar injin, cikin huhunsa zai tafi." Ta nuna mini ɗan kofi ta ce iyakarsa ke nan a wuni, ta ce gishiri da kanwa kuwa a yi nesa da su, don su ke riƙe ruwa a jiki.

Na ji, Yaya ma ya ji. Abin da ba mu lissafa ba shi ne mutanen Birni. A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu na dukan cinya, kuma in an kawo maka abu, ƙin taɓawa cin fuska ne. Wannan ta zo da fura, waccan da kunun tsamiya, abokan dukancinsa da zoɓo mai sanyi. Kowa kuma maganarsa ɗaya ce, "Ɗan kurɓa ko kaɗan, don albarka." Yaya mutum ne mai kunya, ga ƙishirwa na cinsa, sai ya kurɓa. Kurɓi kan kurɓi kuwa, tulu ma cika yake yi.

Wata rana da hantsi na shigo na tarar da shi zaune ya dafe gwiwoyi, ya kasa kwanciya, numfashinsa na wata irin ƙara kamar ana hura ruwa da kara. Leɓɓansa sun yi duhu. Maƙwabcinmu ya sa shi a mota sai asibiti, ni ina riƙe da kansa ina salati. Da ƙyar aka samu injin da ba kowa a kai. Da ya dawo hayyacinsa, likitar ta ja ni gefe. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Wannan karon an ci sa'a. Zuciyar nan ba na jin za ta ɗauki irin wannan sau biyu."

Tun a hanyar komawa gida na sha alwashi. Na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinsa na zauna, duk ƙwaryar da ta shigo sai ta bi ta hannuna. In karɓa, in yi godiya, in kafa kai in sha a gaban mai ita, in ce, "Na sha a madadinsa, ladanki ya cika." Wasu su yi dariya, wasu su tafi suna ƙunƙuni. Har wata ta ce wai ina so in kashe shi da ƙishirwa in gaji gidan, gidan da damina ɗaya mai ƙarfi za ta kwantar da shi. Unguwa ta laƙaba mini suna Jandarma, wato ƴar sandan bakin ƙofa. Na yi ƙiba a watannin nan har zanena ya daina zagaye ni. Malaminsa mai kawo masa rubutun sha kaɗai bai ba ni wuya ba, da na yi masa bayani sai ya ce a riƙa shafa masa rubutun a jiki, ai niyya ake dubawa. Yaya kansa yakan harare ni ya ce, "Auta, ke ko tausayi ba ki ji?" In ce, "Ina ji, shi ya sa."

Ana nan sai labari ya kai wa Gwaggo a ƙauyen Damagaram Takaya, inda take zaune wurin jikokinta. Tsohuwar da ko bakin ƙofa sai da sanda ta sa aka ɗora ta a mota. Ta iso da rana tsaka da ƴar jakar gero da ƙullin kanwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta sa aka hura wuta. Ina kallo ta dama kunun nan da hannunta, ƙamshinsa ya cika gidan. Ga shi sai jibi ne ranar injin, ƙafafun Yaya kuma sun riga sun ɗan tasa.

Na tare ta a bakin ƙofa na miƙa hannu kamar yadda na saba. "Gwaggo, kawo in sha a madadinsa."

Ko kallona ba ta yi ba. "Ke ce mara lafiyar? Matsa."

Na matsa. Wallahi ƙafafuna ne suka matsa da kansu, don tun ina rarrafe suke bin umarnin muryar nan. Ta zauna a gefen katifarsa ta ɗebo ludayi. "Buɗe baki, ɗan nan. Wannan ne ya tashe ka wancan karon." Yaya ya dube ni, ya dubi kunun, ya haɗiyi yawu. Na san ba zai iya ce mata a'a ba, na kuma san Gwaggo ba ta ajiye ƙwarya sai ta ga gindinta. Sai kawai na ji hannuna a kan nata.

Ta juyo a hankali. "Ni kika riƙe? Ni da na wanke kashinki?"

Hawaye suka zubo mini, amma ban saki ba. Na ce, "Gwaggo, ki tsine mini in kin ga dama, zan ɗauka. Amma kunun nan ba zai shiga cikinsa ba ina numfashi."

"Likitocin lopital, asibitin nan naku, sun fi ni sanin yaron da na goya?"

Sai na karɓe ludayin na ajiye, na ja tafin hannunta na ɗora a ƙirjin Yaya ta hagu, inda likitar ta taɓa nuna mini. A wurin, in ka dafa, sai ka ji wani kakkarwa a ƙarƙashin fata tare da kowane bugu. Na ce, "Ji nan. Ƙofar zuciyarsa ce ba ta rufuwa. Duk ruwan da ya sha, nan yake zuwa ya danne."

Ta bar hannunta a wurin. Na ga fuskarta ta canza. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Na san wannan. Ranar tuta, da na goya shi, haka na riƙa jin ta a gadon bayana. Na ɗauka murna ce." Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Sannan ta ce, "Ashe tun lokacin bai warke ba."

Yaya ya ce, "Na warke mana, Gwaggo. Ga ni har da jikoki."

Ta tsoma ɗan yatsa a kunun, ta yi bisimilla, ta shafa masa a leɓe. "To, ka sha." Ta turo mini ƙwaryar. "Ke kuma Jandarma, shanye, kada ki bar mini ko ɗigo."

Gwaggo ba ta koma ƙauye ba. Washegari ta kore ni daga tabarmar bakin ƙofa ta zauna da sandarta. Wa zai ce wa Gwaggo ɗan kurɓa don albarka? Masu ƙunƙuni suka koma kawo addu'a da hira, ni kuma na samu cikina ya huta. Yaya ya ƙara shekaru a kan injin nan, da daɗi ba daɗi, har ya ɗinka wa jikansa jakar allo da hannunsa. Zuciyar ce ta ɗauke shi a ƙarshe, da lokacinsa ya yi, amma ba a nutse cikin ruwa ba. Gwaggo ta riga shi tafiya, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina yi mini gori ba, in ta gan ni sai ta ɓoye hannunta cikin mayafi ta ce kada a kama ta.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunya ado ce, amma ba a biyan ta da ran mutum. Mu mun saba nuna ƙauna da cika ƙwarya, har muna ganin wanda ya hana ba ya so. Ni dai na ga ranar da ƙauna ta zama janye ƙwaryar, kuma tsohuwar da ta fi kowa iya dama kunu ita ce ta fi kowa iya hanawa.