Dinyar Inna da Jujin Bayan Katanga

A bazarar da ake shirin zaɓe, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na shari'a da 'yan takara, surukata ta tafi Rano zaman jegon autarta. Inna muke ce mata. Kafin ta fita bakin titi ta kama hannuna ta kai ni gindin rumbu, ta nuna mini dinyarta, tsuntsuwar nan mai kama da agwagwa amma ta fi ta girma, kwance a kan ƙwai, namijin yana tsaye a gefe yana huci.

"'Yar nan, ga amana. Jiya ta fara kwanci. Ko me za a yi kada ki ɗaga ta daga nan. In aka taɓa mata wuri, ta bar ƙwan ke nan."

Na ce to Inna, Allah ya kiyaye hanya.

Muna zaune ne a wani ƙauye wajen Unguwar Gai, kuma gidanmu ne na ƙarshe, daga katangar baya sai gonaki. Duk ƙauyen babu mai dinya sai Inna. Ita ta raini waɗannan biyun tun suna ƙanana, har hira take yi da su in tana tsince wake.

Ba a daɗe da tafiyarta ba yanyawa, dabbar dajin nan mai kama da ƙaramin dila, ta fara shigo mana. Farko budurwar kaza ta ɗauka, muka tashi muka ga gashi a tsakar gida. Maigidana ya toshe rariya da dutse, ya sari ƙayar magarya ya jera a gindin katanga. Bayan kwana kaɗan ta ɗauke zakaran. Daga nan na riƙa kwashe kajin tun kafin magariba ina kulle su a ɗakin girki. Dinya kuwa babu yadda zan yi da ita. Na gwada kifa mata babban kwando, ta yi ta dukansa da fiffike har ƙwai ɗaya ya fashe. Na ɗauke kwandon, na ce ba zan ƙara ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ban san ta inda dabbar take shigowa ba. Na bi gindin katanga da hannu, babu rami. Wata yamma na share tsakar gida tas, na tankaɗe toka na barbaɗa tun daga ƙofar zaure har gindin rumbu. Da gari ya waye na ga sawu, ƙanana kamar na kwikwiyo. Ba daga rariya suka taso ba. Daga jikin katangar baya suka fara, kamar an sauke ta daga sama, suka zagaya rumbun, suka koma ta kan itacen girki da muke jinginawa a wurin.

Na jawo turmi na kifa, na hau na leƙa. Sai ga jujinmu. Kamar kowane gida, duk sharar da na yi a shekara ta kan katanga nake zuba ta: toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, har da gashin kajin da aka yanka. Taki ne, da shi gonar gero take rayuwa. A shekarar ya taru sosai, saura kamu ɗaya ya kamo kan katangar, ga wata 'yar siririyar hanya ta hau kansa.

Na bari sai da maigidana ya ci tuwo ya wanke hannu.

"Malam, da za a taimaka a janye takin nan daga jikin katanga. Ta kansa take hawowa."

"Taki sai jakai sun zo. In na baza shi yanzu iska ta kwashe rabi, awakin mutane su tattake sauran."

"Yaushe jakan za su zo?"

"Mai su yana yawon kamfe, ni ma gobe da mu za a je taron Kibiya. A bari a yi zaɓe." Ya yi dariya. "Ke kuma, namijin nan da ko ni ba ya bari in wuce? Ai ya fi ɗan sintiri."

"Amanar Inna ce, Malam."

"Na ji. Allah zai tsare."

Na tashi na kwashe itacen daga jikin katanga, na jingina taɓarya a bakin ƙofata.

Da asuba Malam ya fita masallaci. Na idar da salla ke nan, na goya jaririyata don tana ƙananan kuka, sai na ji namijin dinya ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Na ɗauki taɓarya na fito. Gari ya ɗan yi sha, ana iya ganin mutum. Yanyawar tana gindin rumbu, ta yi ƙasa da kai, idonta a kan macen. Macen ta miƙe wuya tana huci amma ba ta tashi daga kan ƙwan ba. Namijin ya buɗe fukafukai ya shiga tsakaninsu.

Ban iya ihu ba, ko a gidanmu an san ni da haka. Salati kawai nake yi ina matsawa. Na ɗaga taɓaryar, sai na ga in na kuskure kaɗan a kan ƙwan za ta sauka. Ina wannan tsayuwar suka haɗu. Ta cafki wuyansa, shi kuma yana dukanta da fiffike, ƙura ta tashi, yarinyar da ke bayana ta tsala kuka. Na buga taɓaryar a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta sake shi ta ruga wajen da itacen yake a da, ta tarar babu. Ta juyo muka kalli juna, ni da ita, babu abin da ke tsakaninmu sai tsawon taɓarya. Na ja da baya na ba ta hanya. A daidai nan Malam ya turo ƙyauren zaure, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta fice.

Namijin yana kwance, jini yana bin ƙirjinsa, yana numfashi sama-sama. Malam ya tsuguna ya duba wuyan.

"Miƙo wuƙa, maza, kada ya zama mushe."

Ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka. Ya tuɓe rigar da ya sa don taro, ya ɗauki shebur da kwando ya zagaya baya wajen jujin. Motar 'yan kamfe ta yi ta oda a bakin titi har ta gaji ta tafi. Har azahar ina jin ƙarar shebur. Ni kuma ranar ban je makarantarmu ta yaƙi da jahilci ba, na zauna nesa kaɗan da rumbu ina kallon macen, ina jiran in ga ko tsoro zai tashe ta. Ta yi ta kiran namijin, ta ƙi cin dusa, amma ta zauna.

Sauran kwanakin a bakin ƙofa na riƙa shimfiɗa tabarmata. Ƙwai huɗu suka ƙyanƙyashe, sauran suka yi bara-gurbi.

Inna ta dawo bayan an yi arba'in, an riga an yi ruwan shuka. Tun kafin ta ajiye ƙunshinta na durƙusa na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta wuce gindin rumbu ta daɗe a tsugune tana kallon 'ya'yan suna bin uwarsu.

"Shi ɗin, an samu yanka shi?"

"An samu, Inna."

"To alhamdu lillahi." Ta share ido da bakin mayafi. "Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi. Ɗebo musu ruwa a faffaɗan kasko, wannan ya yi musu zurfi."