Ranar da Muka Sanyaya Asibiti Saboda Baƙi

Akwai wata Laraba cikin bazara da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina aikin shara a ƙaramin asibitin haihuwa na wani ƙauye bayan Argungu, shekarata tara ke nan a wurin. Ku da kuka zo kuka tarar da silin da fanka, ba ku san yadda ɗakin haihuwarmu yake a da ba. Kwano ne tsirara, taga ɗaya. Da rana sai mu jiƙa zane mu rufa wa mai naƙuda, kafin a jima ya bushe.

A shekarar ne gwamnati ta ware kuɗi don gyara gine-ginenta, su rage cin wuta da man janareta. Za a sa silin, a ƙara tagogi, a shafa wa kwano farin fenti, a ɗora sola. Kuɗin ba zai kai ko'ina lokaci guda ba, don haka sai an zo an auna, ginin da ya fi zafi shi za a fara yi wa. Ni ban san da wannan sharaɗi ba. Malam Sani, shugaban asibitinmu, ya ga takardar, amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne manya na tafe daga Birnin Kebbi.

"Inna Kulu, gobe muna da baƙi," ya ce da ni. "Kada su ishe mu cikin wanga hali."

Kun dai san yadda muke yi wa baƙi. Tun da safe na yayyafa ruwa a kowane lungu har sau uku. Aka aro fanka biyu daga gidan mai gari, aka ta da janareta, aka shimfiɗa zana a kan kwanon gaba. Ɗakin haihuwa kuwa, da yake babu mai naƙuda ranar, aka kulle shi aka ba ni makullin.

Da hantsi sai ga Injiniya Rabi, shugabar masu awon, da wata 'yar na'ura a hannu. Ta zaga, ta auna, ta rubuta.

"Ku kam kuna cikin ni'ima," ta ce. "Jiya mun je wani asibiti wajen Zauro, ko tsayuwa ba a yi ciki. Irinsu muke fara wa. Ku sai wani zagayen, in Allah ya kai mu."

Ina tsaye bayanta da tsintsiya, sai na gane abin da muka yi. Ashe da hannuna na zubar mana da gyaran. Na dubi Malam Sani, ya sunkuyar da kai. Ta yaya zai ce wa baƙuwa fankar aro ce?

Ni ma ba matsayina ba ne in sa baki a gaban shugabana. Da azahar ta yi, Injiniya Rabi ta tambayi inda za ta yi salla. Na kai mata buta, na buɗe ɗakin haihuwa, na shimfiɗa mata sallaya a ciki.

Da ta fito, hijabinta ya jiƙe sharkaf.

"Inna, wane ɗaki ne wannan?"

"Nan muka haihuwa, ɗiyata."

Ta daɗe tana kallona. Sai na faɗa mata komai a hankali, har yayyafin ruwan. Ta yi dariya, ta koma ciki da na'urarta. Da ta fito ta ce da Malam Sani, "Malam, na gode da karamci, amma ka kusa cutar matan garin nan. A mayar wa mai gari fankarsa. Zan dawo, kuma ba zan aiko ba."

Ta dawo bayan mako guda, da tsakar rana, ta same mu yadda muke. Kafin ruwan farko ya sauka, kafintoci sun hau kwanonmu.

Na yi zaton Malam Sani zai yi mini faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Inna Kulu, ni bakina ya yi nauyi. Allah shi saka miki."

Abin da na koya ke nan, ku matasa. An saba mana da ɓoye wa baƙo aibin gida, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma ku riƙa tambaya me ya kawo shi. In gyara ya zo yi, ku fara kai shi ɗakin da kuka fi jin kunyar buɗewa.