Inabin Teku a Bakin Famfo

Shekara tara na yi ina hana bishiyar nan girma. Wani abokin aikina a ɗakin ajiyar kaya na unguwar Bassa ne ya kawo min ita daga bakin teku, tsiro ɗan mitsitsi, ya ce sunanta raisinier. Ni dai inabin teku nake ce mata. Na dasa ta a tukunya marar zurfi mai huji a gindi, cikin yashi da tsakuwa, don ba ta son ruwa ya kwanta mata. Duk shekara ina rage saiwa, ina naɗe rassa da wayar jan ƙarfe da na kwance daga tsohuwar fanka. Ganyenta masu faɗin faifai suka yi ta ƙanƙancewa har suka koma kamar bakin kofin shayi.

A gidanmu na unguwar New Bell ba wanda ya fahimci abin. Gwaggona kan ce zalunci ne, mutum ya samu bishiya ya mai da ita wada. Babana Malam kuwa kallona kawai yake yi, irin kallon da ake wa ɗan da boko ya ɓata. Ba mu cika magana da shi ba, ko kafin bishiyar.

Da ya rasu, gida ya cika. Aka kwashe komai daga baranda don shimfiɗa tabarmi, aka kai tukunyar bakin famfo. Gwaggo, don kada tsakar gida ya yi caɓi, ta sa ta cikin roba. Mutanenmu kuwa ba sa ganin shuka kusa su bar ruwan alwala ya tafi a banza. Kowa ya zo da buta sai ya tsuguna a kanta, yana ganin lada yake samu. Kwana bakwai, salla biyar, ga jama'a har daga unguwannin Ndokoti da Bali. Ni ina waje ina karɓar gaisuwa, ko sau ɗaya ba ta faɗo min a rai ba.

Ranar takwas na same ta tsundum cikin ruwa. Na zare ta daga tukunyar, saiwar ta yi baƙi, tana wari, tana narkewa a yatsuna. Na kankare ɓawon da farce har ƙasa ina neman kore, ban samu ba.

A nan na zauna a kan siminti na fashe da kuka, wanda ban yi a maƙabarta ba. Gwaggo ta fito ta dafa kafaɗata.

"Yi haƙuri, ɗana. Na san sai yanzu mutuwar ta shige ka. Ashe kana son Malam haka."

Ban gyara mata ba. Na zauna ina jira ko wani ɓangare na kukan zai zama na babana, ina lalube a zuciyata da gaske. Har ta koma ɗaki ban samu ko kaɗan ba, kuma har yau ban samu ba.