Riyal Mai Hanci Biyu

Ni maƙerin fari ne a Tasawa, azurfa na gada wurin ubana. Allona ya tsaya a izu goma, don haka kada ku nemi daɗin baki wurina.

Wani Buzu attajiri ya zo mana da ayarin gishiri. Riyal yake saye, kuɗin azurfar nan mai hoton mace da mata ke ratayawa a wuya, amma ba kowane yake so ba, sai wanda aka kuskure wurin bugu: hatimi ya goce, ko rubutun gefe ya hau juna. Jakar fata guda ya tara, yana jera su bisa tabarma yana lallashi kamar 'ya'ya. Ya ce mani, "Maƙeri, kai da adon matan garin nan ke bi ta hannunka, samo mani gurgu ɗaya in ba ka lafiyayyu uku."

Na yi dariya, amma daga ranar idona bai ƙara zama ba. Ko gaisawa nake da mace, wuyanta nake dubawa. Duk wadda ta kawo gyara, in na ga mai aibi sai in musanya da lafiyayye, in ce wa zuciyata azurfa dai azurfa ce. Da kwaɗayi ya yi ƙarfi, na koma zuba dalma ina shafe ta da fari, ita nake mayar masu.

Sai Gwaggo, ƙanwar ubana, makauniya, ta zo daga Maijirgi in ɗaura wa riyal ɗinta kunnen ratayawa. Ɗanta ya kawo mata shi kafin tafiyar da bai dawo ba. Matar da ke jikin riyal ɗin hanci biyu gare ta. Kwana uku ina ɗauka ina ajewa, rana ta huɗu na kai wa Buzu. Ita kam na ji kunya, na sa mata azurfa ta gaske, sabuwa fil.

Ta shafa da babban yatsa, ta sake shafawa.

"Ɗan nan, wagga hancinta ɗaya."

"Wanki ne, Gwaggo, datti ya fita."

"Datti? Shekara tara ina hira da hancin nan, kai za ka gaya mani datti?"

Mata na zaune suna ji. Kafin la'asar kowace ta gwada nata da haƙori, dalma ta fito. Dogarai suka ja ni gaban alƙali.

Damina biyu na yi cikin mari. Da aka kwance ni ban shiga gida ba, na bi sawun Buzu har bayan Issawane, rijiya bayan rijiya ina tambaya. Aka ce ya haura Asben da jakarsa. Na juyo in faɗi gaban Gwaggo hannu wofi, na tarar an yi sadakar arba'in ɗinta.

Na tuba, amma tuba ba ta zaunar da ni ba. Har yau in na ji ayari ya sauka, sai na je na leƙa.

Ku samari, in abin wani ya shigo hannunku, ku mayar da shi kansa, ba irinsa ba, ba wanda ya fi shi ba. Ba ku san me mai shi yake shafawa a jikinsa ba.