Ƙwayar Yumɓun da Ta Ƙi Kwanciya

Kakata, Inna Dije, ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, garwashin murhu ya yi ja. A Talata Mafara muke zaune, amma ita 'yar wani ƙauye ce ta wajen Maradun, wanda ruwan dam ɗin Bakolori ya rufe tun ba a haife ni ba. Ba ta zancensa. Ni take kira maigida, ko da yake maigidan nan goya shi ake yi idan barci ya kwashe shi.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna," in ji ta.

Wai gulbi ne ya ci gaɓa, ya kwashi 'ya'yan yumɓu, 'yan fale-fale kamar ganyen tsamiya. Kowacce tana waigen gida, suna ta karo da juna. Gulbi ya ce wadda ta kwanta ta bi tsawonsa zai kai ta lafiya, wadda ta gicciye kuwa ta kuka da kanta. Duk suka kwanta, sai auta. Ta ɗan kwanta, ta miƙe ta leƙa baya, ta ɗan kwanta, ta miƙe.

"Inna, daga baya ta haƙura?"

"Maigida, kai da ko hannunka ba ka iya wankewa, mi ya kai ka shari'ar gulbi?"

A nan take tsayawa kullum.

Yau aikina ke nan a jami'a. Ana zuba garin yumɓu cikin narkakkiyar roba don leda ta yi ƙwari ta hana iska wucewa, amma sai ƙwayoyin sun jeru. Ni kuma ina kwaikwayon kwararar a kwamfuta, ina kallon yadda suke juyi. An ba ni digiri a kan tatsuniyar kakata, malamaina ba su sani ba.

Abin da na gani, dukkansu auta ne. Ƙwaya takan daɗe a kwance, sai ta yi wuf ta wuntsila, ta sake kwanciya, kuma haka za ta yi ta yi muddin robar na gudu. Daga nesa sai ka rantse duk sun haƙura.

Haka mutanen gari suka yi ta yabon haƙurin Inna har ta rasu. Sai dai duk rani, idan ruwa ya ja baya, takan ce a kai ta bakin dam sayen albasa, alhali albasa na jibge a ɗakinmu. Ta tsaya ta daɗe tana duban ruwan, ta dawo ta ɗora tukunya. Ban taɓa ganin ta dawo da albasa ba.